Yadda Ake Ziyartar Gidan Kayan Tarihin Babbar Majami'ar Filorans, Mataki-mataki

Tambayar ta yi yawa, musamman daga 'yan uwa mazauna Italiya da masu zuwa Turai taro ko kasuwanci waɗanda ke da kwana ɗaya ko biyu a hannu: wane tikiti za a saya, ta ina ake shiga, kuma hawan ƙubbar nan dole ne? Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na jera komai.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga farko. Mafi yawan abin da ka ga mutane suna turereniyar ɗauka hoto a dandalin majami'ar kwafi ne. Ƙofofin tagulla na ɗakin baftisma, mutum-mutumin da ke jikin hasumiya, duk an cire na asali an kai su wani gini da ke bayan majami'ar, wato gidan kayan tarihi mai suna Museo dell'Opera del Duomo, lamba 9 a Piazza del Duomo. Ni kaina zuwana na farko na yi kusan rabin awa a rana ina kallon ƙofar waje ina jinjina kai, sai da yamma na gane ashe ta gasken tana ciki, a inuwa, ba cunkoso. Don haka wannan jagorar ta sa gidan kayan tarihin a tsakiya, sauran wuraren su biyo baya.

1. Shiga Italiya da isa garin

Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizar Shengen. Tun daga watan Yunin 2024 kuɗinta yuro 90 ne ga babba, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu. Za a nemi inshorar tafiya wadda ta kai yuro 30,000, da shaidar masauki, da bayanin asusun banki. Ana iya nema tun saura wata shida a yi tafiyar, kuma gara a yi da wuri. Idan kana da takardar zama a Italiya ko wata ƙasar Shengen, tsallake wannan.

Gargaɗi: a tasha da allunan hanya ba za ka ga sunan Filorans ba. Italiyawa Firenze suke ce wa garinsu. Tashar da kake so ita ce Firenze Santa Maria Novella, ana taƙaita ta SMN. Akwai wasu tashoshi masu suna Firenze, kamar Rifredi da Campo di Marte. Kada ka ji an ce Firenze ka yi wuf ka sauka.

Daga Roma jirgin ƙasa mai gudu, Frecciarossa ko Italo, yana ɗaukar kamar awa ɗaya da rabi. Daga Milan kusan awa biyu. Tikitin yana da sauƙi idan ka saya da makonni, yana tsada idan ka bari sai ranar tafiya. Wanda ya sauka a filin jirgin saman garin sai ya hau jirgin ƙasan cikin gari (tram) mai lamba T2, minti ashirin ya kai shi tsakiyar gari. Daga tashar SMN zuwa majami'ar tafiyar ƙafa ce ta minti goma, ƙubbar ma za ta riƙa leƙo ka ta tsakanin gidaje.

Gargaɗi: kada ka shiga tsohon gari da motar haya. Yankin yana da alamar ZTL, wato an taƙaita shigar motoci, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota, tarar kuma za ta bi ka har gida bayan watanni.

2. Zaɓen rana

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Gidan kayan tarihin yana buɗe kullum daga 8:30 na safe har yamma, amma ana rufe shi ranar Talatar farko ta kowane wata. Ita kuma majami'ar wurin ibada ce mai rai, ranar Lahadi da ranakun bukukuwan addini ta masu sujada ce, ba a shigar da masu yawon kallo. Ranar 24 ga Yuni bikin Yahaya Maibaftisma ne, waliyyin garin, gari yakan cika maƙil. Idan zaɓi yana hannunka, ɗauki tsakiyar mako.

Game da yanayi, watan Yuli da Agusta akwai zafi mai nauyi, garin yana cikin kwari ne, iska ba ta motsi. Kada ka ce ai kai ɗan Sakkwato ne ko ɗan Zinder, zafi ba ya ba ka tsoro. Tsayuwa a layi a kan dutse da tsakar rana wani abu ne daban. Nuwamba zuwa Fabrairu akwai sanyi da ruwa, amma layi gajere ne.

3. Wane tikiti

Shiga cikin majami'ar kanta kyauta ne, layi kawai za ka bi. Sauran wuraren guda biyar su ake biya: gidan kayan tarihi, ɗakin baftisma mai kusurwa takwas, kufan tsohuwar majami'ar Santa Reparata da ke ƙarƙashin ƙasa, hasumiyar ƙararrawa, da ƙubba. Ba a sayar da tikitin wuri ɗaya shi kaɗai. An ɗaure su gida uku, ga farashinsu kamar yadda yake a 2024:

Ghiberti Pass, yuro 15: gidan kayan tarihi, ɗakin baftisma da Santa Reparata.
Giotto Pass, yuro 20: waɗannan uku da hasumiya.
Brunelleschi Pass, yuro 30: duka biyar har da ƙubba.

Yara 'yan shekara 7 zuwa 14 suna biyan yuro 5, 7 ko 12 bi da bi, waɗanda ba su kai nan ba kyauta. Kowane tikiti yana aiki kwana uku daga ranar da ka zaɓa, kuma sau ɗaya ake shiga kowane wuri. Idan ka fita, ka fita ke nan.

Shawarata: idan tare kake da dattijo, ko mai juna biyu, ko mai ciwon gwiwa ko na zuciya, sayi na yuro 15 hankalinka kwance, domin abin da ya fi daraja yana cikinsa. Ƙubba matakala 463 ce, hasumiya 414, kuma duka biyun babu lifta. Biyan yuro 30 don kawai kada a ce ka sayi ƙarami asara ce idan ba za ka hau ba.

Gargaɗi: ka saya a shafin hukumar majami'ar, duomo.firenze.it. Idan ka bincika a intanet, shafukan dillalai ne ke fara fitowa, da sunaye masu kama da na hukuma, su sayar maka da abu ɗaya ninki biyu. Haka masu tare mutane a dandali suna cewa za su tsallakar da kai layi. Layin binciken tsaro kowa sai ya bi shi.

Gargaɗi na biyu: mai Brunelleschi Pass dole ya zaɓi rana da lokacin hawan ƙubba a lokacin saye, kuma ba a canzawa. A lokacin bazara guraben kan ƙare kwanaki da yawa kafin ranar. Ka ajiye tikitin a waya, ka kuma ɗauki hotonsa saboda ko intanet ta ƙi, ka riƙe fasfo ko katin shaidarka.

4. Sutura da kaya

Dokar sutura ba za ta wahalar da Bahaushe ba: a rufe kafaɗa da gwiwa. Kaftani, doguwar riga, atamfa da mayafi duk sun wadatar, mata ba a ce su cire ɗankwali ko hijabi. Inda abin ya juya shi ne hula. A wurinmu rufe kai girmamawa ne, a majami'ar Katolika namiji cire hula yake yi. Idan za ka shiga majami'a ko ɗakin baftisma, cire hularka ka riƙe a hannu tun kafin mai gadi ya yi maka magana. Ba raini ba ne, haka suke yi wa kowa. Takalmi kuwa ba a cirewa.

Idan za ka hau ƙubba, babbar riga ba ta dace ba, matakalar tana da matsi kuma hannun riga zai riƙa sharar bango. Sa takalmi sau-ciki mai kama ƙasa, bar silifa a masauki. Jakar goyo da manyan jakunkuna ba a hawa da su, akwai wurin ajiya na masu tikiti a nan dandalin, ka isa da wuri ka ajiye kafin lokacinka ya yi. Akwatin tafiya kuwa bar shi a masauki ko ma'ajiyar tasha. Wuƙa, ko 'yar ƙarama ce ta yankan farce, na'ura za ta kama ta.

Gargaɗi: a cunkoson dandali akwai masu yankan aljihu. Waya da walat su koma aljihun gaba. Masu shimfiɗa hotuna a ƙasa suna sayarwa kuma, ka lura da ƙafarka, idan ka taka za a ce sai ka biya.

5. Cikin gidan kayan tarihi: bene na ƙasa

Ka zo da an buɗe, ko kuma bayan ƙarfe huɗu na yamma. Ware awa biyu, mai son kallo a tsanake uku. An kafa gidan a 1891, aka faɗaɗa shi aka sake buɗewa a 2015, yanzu yana da ɗakuna 28 da kayayyaki sama da 750. Ba za ka iya kallon duka da idon basira ba, kada ma ka gwada. Akwai lifta a ciki, mai keken guragu zai iya zagayawa. Bayanan da ke jikin kaya da Italiyanci da Turanci suke. Ana ɗaukar hoto, amma ban da walƙiya.

Babban zaure na farko shi ake kira Sala del Paradiso. A gefe ɗaya an sake gina tsohuwar fuskar babbar majami'ar daidai girmanta, wadda aka rushe a 1587, aka mayar da mutum-mutuminta gurabensu. A ɗaya gefen ga ƙofofin tagulla uku na ɗakin baftisma cikin gilashi. Ta Andrea Pisano ita ce babbar yaya, an yi ta tsakanin 1330 da 1336. Lorenzo Ghiberti ya yi ta biyu daga 1403 zuwa 1424. Ta uku, mai ruwan zinariya, ita ake kira Ƙofar Aljanna, ya fara a 1425 ya gama a 1452. Shekara 27 a kan ƙofa ɗaya. Tsayinta ya haura mita biyar, nauyinta kusan tan takwas.

Ga yadda ake karanta ta: allo goma ne, biyar a kowane ɓangare, ana farawa daga sama ta hagu zuwa dama, a sauko layi-layi. Adamu da Hauwa'u, Habila da Ƙabila, Nuhu, Ibrahim, Is'haƙu da 'ya'yansa, Yusufu, Musa, Yusha'u, Dawuda, sai na ƙarshe Sulaimanu yana tarbar sarauniyar Saba, wadda muka fi sani da Bilkisu. Kowane allo ba lamari ɗaya ya ɗauka ba, labarin gaba ɗaya aka cusa a ciki. A na Yusufu, alal misali, za ka ga ana sayar da shi, ga rumbun hatsi na Masar, ga kofin da aka samu a buhun ƙaninsa. Dabarar maƙerin ita ce mutanen gaba sun fito sosai kamar za su faɗo, na nesa kuwa ɗan tudu kaɗan ne, sai ido ya ga zurfi a abin da kaurinsa bai kai tafin hannu ba. Ka duba gefen ƙofar, cikin ƙananan kawunan da ke leƙowa akwai wani mai sanƙo, shi ne Ghiberti ya sa kansa. Ambaliyar kogin Arno ta ranar 4 ga Nuwamba 1966 ta ɓalle wasu allunan, gyaran da ya biyo baya ne ya sa aka daina barin ta a waje.

Gargaɗi, kuma gara in faɗa a fili: wannan gida na fasahar addinin Kirista ne. Akwai siffofin annabawa, da na Yesu da Maryamu, wasu kuma ba tufafi. Ɗan uwa Kirista zai ga labaran Littafi Mai Tsarki da ya sani tun yana yaro. Musulmin da zuciyarsa ba ta natsu da kallon irin wannan ba, ya san da haka kafin ya biya kuɗi, kada ya shiga ya fito yana ɓacin rai. Wanda ya shiga kuma ya kama bakinsa, akwai masu zuwa nan da niyyar ibada.

Daga zauren za ka shiga ɗaki mai duhu inda Maryamu Magadaliya ta Donatello take, an sassaƙa ta da itace wajen 1455. Ba kyakkyawar budurwa ya yi ba. Tsohuwa ce ramammiya, idanu sun zurma, gashi ya rufe jiki, hannuwa sun kusa haɗuwa amma ba su taɓa juna ba. A ganina babu abin da ya kai ta a duk gidan, kuma mutane kan wuce ta da sauri saboda suna ɗokin abin da ke gaba.

Abin da ke gaban shi ne Pietà ta Michelangelo, sassaƙen gawar Yesu bayan an sauke ta daga gicciye, wadda ya fara wajen 1547 yana da shekara sama da saba'in, da nufin a ɗora ta a kabarinsa. Mutumin da ke tsaye a baya yana tallafe da gawar Yesu, fuskar Michelangelo ce. Wajen 1555 ya fusata da aikin ya sa guduma ya farfasa wani sashi. Nemi alamun ɗori a hannu, ka kuma lura ƙafar hagun Yesu babu ita. Macen da ke gefen hagu almajirinsa Tiberio Calcagni ne ya ƙarasa ta, kuma ko ba a gaya maka ba za ka ga hannun ya bambanta. Zagaya ta baya, sawun kurfi yana nan ɗanye. A harabar wannan wuri ne ma Michelangelo ya sassaƙa mutum-mutumin Dawuda tsakanin 1501 da 1504, amma kada ka neme shi a nan, yana gidan Accademia, tikitinsa daban.

6. Benayen sama

Dogon zauren hasumiya yana da mutum-mutumi 16 da ƙananan alluna na asali da aka ciro daga jikinta. Yawancin baƙi manyan suke kallo, musamman mai sanƙon nan na Donatello da 'yan gari suka laƙaba wa Zuccone, wato mai kai kamar kabewa. Ni kuwa ƙananan na fi so, domin sana'o'i ne: masaƙa, maƙeri, magini, manomi da garmar shanu, mai magani, masu tuƙa kwalekwale. Wanda ya taso kusa da Kurmi ko ya taɓa zama a maƙera zai gane kowane motsi.

Sai ɗakin ƙubba. Nan ne za ka fahimci abin da za ka hau. Filippo Brunelleschi ya gina ta daga 1420 zuwa 1436, faɗinta ta ciki kusan mita 45, ba tare da ya kafa katakon tallafi daga ƙasa ba. Ƙubba biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, an jera tubalinta kamar ƙashin kifi yadda kowane zagaye ke riƙe kansa. Akwai samfurin katako, da kura da igiyoyin ɗaga kaya, da siffar fuskarsa da aka ɗauka bayan ya mutu a 1446.

Ɗakin da ke biye yana da barandar mawaƙa guda biyu na marmara suna fuskantar juna, ta Luca della Robbia da ta Donatello, duka na shekarun 1430. Yaran Luca a natse suke suna waƙa, na Donatello kuwa guje-guje suke kamar an tashi makaranta. Kada gajiya ta sa ka tsallake ɗakin taska da ke kusa. Akwai bagaden azurfa da aka fara a 1367 ba a gama ba sai 1483, da zanen surfani 27 na zaren siliki da zinariya masu ba da labarin Yahaya, waɗanda Antonio del Pollaiolo ya tsara. Duk wanda ya san wahalar ɗinkin aska takwas ya matsa kusa da gilashin ya ga ƙanƙantar ɗinkin.

Ƙarshe ka hau bene na sama ka fita baranda. Ƙubbar tana gabanka kamar ka miƙa hannu. Wanda ba zai hau matakala ba, nan ne wurin hotonsa.

7. Sauran wuraren, da tsarin da ya fi

Idan lokacin ƙubba yana hannunka, sa shi da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka huta, ka shiga gidan kayan tarihi da yamma. Idan kwana biyu gare ka, raba ƙubba da hasumiya, kada ka haɗa matakala 877 a yini ɗaya. Ƙofar hawan ƙubba tana gefen arewa na majami'ar, ana kiranta Porta della Mandorla, ba babbar ƙofar gaba ba. Ka isa minti goma sha biyar kafin lokacinka.

Gargaɗi: hanyar tana bi ta tsakanin ƙubbobin biyu, wasu wuraren mutum ɗaya kawai ke wucewa, sai ka sunkuya. Mai tsoron matsi ko tsayi ya zaɓi hasumiya, wadda ke da wuraren hutawa hawa-hawa, kuma daga samanta ne ake ganin ƙubbar kanta. A tsakiyar hawan ƙubba za ka bi ta wata baranda dab da zanen ranar hisabi da Vasari ya fara a 1572 Zuccari ya ƙarasa a 1579. Akwai shaiɗanu da azaba a ciki, ƙananan yara kan tsorata.

Ɗakin baftisma minti ashirin ya isa. An fara gyaran adon rufinsa a 2023, aikin shekaru ne, don haka kada ka yi mamaki idan ka tarar da ƙarafan gini sun rufe wani sashi. Cikin majami'ar kuwa, gaskiya, fili ne mai faɗi wanda kayansa suka koma gidan kayan tarihi. Idan layin ya zagaye gini kuma lokacinka kaɗan ne, haƙura da shi.

8. Ci, sha da salla

Ku ci abinci nesa da dandali, ko da tafiyar minti biyar ce, farashi yana sauka. Idan ka zauna a tebur za a ƙara maka kuɗin zama da suke kira coperto, ba cuta ba ce, al'adarsu ce. Kofi a tsaye a kanta ya fi sauƙi. Mai guje wa naman alade ya haddace waɗannan kalmomi: maiale, prosciutto, salame, pancetta, lardo, da strutto, wato kitsen alade da ake sa wa wasu burodi. Ribollita miyar wake ce da ganye da burodi, pappa al pomodoro kuma faten tumatir da burodi, amma ka tambaya ko an sa nama a romon. Shagunan halal sun fi yawa a kewayen tashar SMN, kuma masu su ne za su fi saurin nuna maka inda ake salla mafi kusa. A cikin gidan kayan tarihi ko majami'a babu wurin salla, ka tsara shigarka tsakanin lokuta, ka tuna tikitin ba ya barin ka fita ka dawo. Akwai bayan gida a cikin gidan kayan tarihin, yi amfani da shi kafin ka fita, na waje biya ake yi.

Lissafin mutum ɗaya na yini, ban da jirgi da masauki: tikiti yuro 15 zuwa 30, abincin rana da ruwa da kofi ka ware kamar 20 zuwa 25, da 'yan canji na bayan gida. Zo da gorar ruwa, akwai famfunan sha kyauta a cikin gari, har da na Piazza della Signoria, minti biyar daga majami'ar.